Safar Bakwaini

Tsinke biyar na ɗauko a watan Satumba,
huɗu su riƙe madaukai, na biyar ya yi ta zagaye.
Ulun na tunkiyar Endel ne, maƙwabcina,
mai baƙin kunnen nan da ke haura katangar dutse
ta cinye mini kabeji kowace shekara.
Na ce to, bana ta biya bashi da gashinta.

Piret ta ce haihuwa sai Janairu.
Na yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta:
madauki talatin da biyu,
dunduniya mai ninki, yadda kakata ke yi,
jan zare layi ɗaya a wuyan safa.
Ina saƙa ina ajiyewa,
in tsince tuffa, in shanya kifi, in dawo.
Wa ke kora ta? Lokaci ga shi nan
shimfiɗe kamar tekun bayan gidana.

Ranar Talata waya ta yi kuka
tun duhu bai saki tagogi ba.
Tarmo ne, murya kamar an shaƙe shi:
Ya iso.
Na ce wa ya iso?
Nuwamba ko rabi bai yi ba.

Jirgin fito na farko daga Kuivastu,
direbobi na gyangyaɗi a kan kofin gahawa,
iska na marin gilashi.
Safa ɗaya gamammiya a aljihuna,
ɗayar kuwa saura baki, tana reto a tsinke.
Rabin awa ne tsallaken,
a ciki na rufe yatsun, na ciji zaren,
madauki biyu sun zame, ban koma musu ba.

A Tallinn, hawa na uku,
suka wanke mini hannu har gwiwa.
Ga shi a kwalba, ja kamar ɗan tsuntsu,
wayoyi sun fi shi yawa.
Na kara babban yatsana a jikin gilashin,
tafin ƙafarsa bai wuce shi ba.
Na fito da safar.
Da an zura, da ƙafa biyun sun shige
har da sauran wurin baƙo.
Piret ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Nas ɗin, Maarika, ta murza ulun a kumatunta.
Ta ce, Virve, sai an wanke, sai ya yi laushi,
kuma a rage, a rage sosai.

A kujerar baranda na zauna na ja bakin zare.
Aikin wata biyu
ya warware kafin shayina ya huce.
Zaren da aka taɓa saƙawa ba ya miƙewa,
yana nan a lanƙwashe, yana tuna inda ya kwana.
Haka na naɗe shi, da lanƙwasarsa.

Tsinke sirara na saya kusa da tasha,
kamar na sakace.
Madauki ashirin. Na ƙirga sau uku,
idona na ruwa, tabarau na zamewa.
Dunduniyar ta zo kamar ƙwanson gyaɗa.
Injin na ƙirga numfashinsa a ciki,
ni ina ƙirga nawa layin a waje,
wani lokaci mu haɗu, wani lokaci ya riga ni.

Kwana tara kafin su yarda a saka masa.
Ya tokare ta, ya fitar da ta hagu.
Maarika ta mayar. Ya sake fitarwa.
Na ce wannan jinin tsibiri ne, ku bar shi.

Babbar safar guda, ban taɓa ta ba.
Tana kan taga, gefen kwalbar madara,
da madaukanta biyu da suka zame a jirgi.
Jiya Piret ta ɗaga ta, ta ce,
Mama, ba za ki warware wannan ba?
Na ce a'a.
Wannan tasa ce ta Janairu.
Shi ya yi sammako, ita tana kan lokacinta.
Ajiye ta, zai zo ya same ta.