Fatalwa Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata aka yi min waya daga Bompai,
Malama Rosalin ce, muryarta sama-sama, tana sauri, tana yankewa:
"Lantana, guda arba'in nake so kafin Juma'a,
ƙanana, farare." Na ce, "Na mene?" Ta ce, "Fatalwa."

Na yi salati a zuci, sannan na tambayi kuɗi.
Kuɗin ya yi. Mai haya kuma ba ya jin "ana nan zuwa."
Wai bikin yaran makarantarsu ne, Halowin,
ranar da ake fafe kabewa,
a yanka mata ido da haƙora, a kunna kyandir a cikinta,
ba taushe, ba gyaɗa, ba yakuwa.

Na hau adaidaita zuwa Sabon Gari.
Farin ulu ƙunshi shida. Ya ce ba ragi.
Na juya baya, ya ce, "Dawo Hajiya, ai ana daidaitawa."
A Kurmi, Mato ya auna min duwatsun katako da gwangwani,
kowanne girman kanya, da huda a tsakiya, sumul don gogewa.
Ya ce, "Carbi za ki yi?" Na ce, "Kusan haka."
Ban tsaya dogon bayani ba, rana tana faɗuwa.

Aikin ba wuya. A naɗe ulu a tafin hannu sau talatin,
a zare, a ɗaure sama, a datse gindin da almakashi,
a zura bakin zaren ta hudar katako, a ja:
ga kai, ga riga mai lilo, ba ƙafa balle takawa.
Ɗigon tawada biyu, ido ke nan. Na uku baki.
Jikata Nusaiba na ƙirge, tana jera su a faifai suna bushewa.

Tasalla ta leƙo ta katanga, ta daɗe tana kallo.
"Mutum-mutumi kike yi yanzu?"
Na ce, "Tuntun hula ne ya yi ido."
Ta ce, "Hmm." Ta sauka daga turmin, tana gunaguni, tana wucewa.

Daren Alhamis aka ɗauke wuta ina kan na talatin da uku.
Na jingina fitilar waya da kofin silba.
Ina murza katakon tsakanin babban yatsa da manuni,
sai hannuna ya tuna abin da kaina ya daɗe da mantawa:
gululun mazarin Inna Kubura, a soronmu na Yakasai,
alli a yatsunta, auduga a taskira,
mazari na juyi a tasa, abawa na tsawo, tana naɗewa.
Ba ta iya karatun boko ba, amma zare bai taɓa yi mata gardama ba.
Shekara goma sha bakwai ke nan da rufe ta a Ɗandolo,
ban taɓa mafarkinta ba, ko sau ɗaya, duk da ina nemawa.

Hannuna ya goce, tawadar ta zame,
ido ɗaya ya kanne, ɗaya ya buɗe,
daidai yadda take yi in tana neman kafar allura da magariba.
Na zauna da ita a tafin hannu har fitilar ta fara dushewa.
Ban ji tsoro ba.
Na yi mata Ƙulhuwallahu uku, na ɗauko wani katakon, na ci gaba da ɗaurewa.

Juma'a da hantsi na kai arba'in cif a kwalin taliya.
Malama ta ƙirga, ta yaba, ta tura kuɗi, waya ta yi ƙara.
Yara suka yanyame kwalin, kowa na ihu, kowa na zaɓa,
ba wanda ya gudu. Ashe abin tsoron nasu na runguma ne da shafawa.

Mai kannen idon tana ƙusar da nake rataye mukulli.
Nusaiba ta tambayi sunanta, na ce ba ta da shi.
Amma in wuta ta dawo, fanka ta motsa ta,
takan juyo ta dubi abin da ke hannuna,
in ji kamar an ce, "Lantana, ƙullin nan ya yi sako-sako.
Kwance shi. A sake ɗaurewa."