Aron Ido a Lagdo

Njidda ya ara mini dogon idon kyamararsa,
ya ce in riƙe numfashi kafin in latsa.
Fim ɗina saura bakwai.

Na tsaya inda ƙofofin dam ke aman ruwa,
na murɗa, na ƙara murɗawa,
sai ga tsallake a bakin hancina:
wata tsohuwa tana kankare karfasa,
har ƙudan da ke gwiwar hannunta.

Ta ɗago kai.
Na ji kunya kamar na leƙa ɗaki ba sallama.
Duk da haka na latsa.

Amsa tana Garwa, wajen mai wankin hoto,
sai Laraba.
Wataƙila ita ce.
Wataƙila feshin ruwa ne kawai
da rawar hannuna.