Tsibirin Bayan Bukuru

Kawu Mamuda ya yi shekara goma sha tara a jirgin dakon kaya,
daga Apapa har inda taswira ke ƙarewa.
Ya dawo Gangare da akwatin ƙarfe ɗaya
da gwiwar da ke jin ruwan sama kafin hadari ya haɗu.

Kullum labarinsa guda ne:
wani tsibiri, kwana uku a ɗan jirgin da iska ke turawa,
gidaje bakwai, kwata ta katako,
da tsohuwar da ta ba shi busasshen kifi
ta ƙi kuɗi, ta ce sai maɓallin rigarsa.
Mun ji har mun haddace.
Mukan riga shi kaiwa ga maɓallin, sai ya yi shiru.

Ran wata Asabar ya ce, kai ni ruwa.
Na ce, Kawu, a Jos?
Ya ce, ramin kuza ba ruwa ba ne?

A bayan Bukuru muka sami Dalyop
yana ban ruwan kabeji, wando naɗe har cinya.
Kwalekwalensa na yoyo wuri biyu.
Kawu ya zagaye shi kamar mai tayin sa a kara,
ya sa aka farke buhun taki uku,
ya ɗinke da basilla, ya ɗaura a gora.
Hannun da ke ɓarar da koko kowace safiya
ya yi wani ƙullin igiya da ban taɓa gani ba.

Iska ta gangaro daga duwatsu da sanyinta,
buhu ya cika ciki,
sunan kamfanin taki ya miƙe tsaye,
muka tafi.
Ruwan kore ne, ba ya nuna gindinsa.
Dalyop na kwarfa da gwangwanin madara
yana lissafa waɗanda ramin ya ci:
yara biyu, saniya, wani soja mai gardama.
Kawu ya ce, ba a wannan zance a kan ruwa.

Tsibirin bai kai harabar masallacin unguwarmu ba.
Jar ƙasa, tsiron ciyawa, kashin balbela,
da wani ƙarfen inji da tsatsa ta cinye rabi,
kamar an kafa shi don mu ɗaure jirgi.
Kwatarmu ke nan.
Ga silifa ɗaya, na ƙafar hagu,
ga tumatir da ya shuka kansa, 'ya'ya huɗu.

Kawu ya sauka da baya, yadda ya ce ana sauka,
ya ɗebi ƙasar, ya murza.
Ya ce, ubana ya haƙa ramin nan.
Kwano a ka tun asuba,
shi da kakan yaron nan, watakila layi ɗaya.
Suka kwashe ƙasa duka aka loda wa jirgin ƙasa,
sai wannan ɗan tudu suka bari
don a nan ake ajiye tulun ruwan sha.
Ni kuma na je na yi ta dakonta a teku,
ban taɓa zuwa na ga inda aka cire ta ba.

Dalyop ya tsinki tumatir ɗaya ya miƙa masa.
Kawu ya laluba aljihu.
Dalyop ya ce, haba Baba.
Sai na ji ƙarar zare:
Kawu ya cizge maɓallin wuyansa.
Yaron ya karɓa, ya duba gaba da baya,
ya dube ni, ko ciwon tsufa ne.
Na ce ya ajiye.

Da za mu koma iska ta ɗauke.
Buhu ya rataye kamar wankin da aka manta.
Dalyop ya tuƙa da shebur, ni da hannu,
Kawu a tsakiya, ruwa har idon sawu,
yana ba da umarni da wani harshe.
Ba mu ji ba, amma mun bi.

A mota, wuyan riga a buɗe,
tumatirin na cikin tafinsa bai ci ba,
ya ce ba tare da ya dube ni ba:
to, ku je ku haddace wannan.