Ƙafar Tela

Shekara ashirin da biyu ƙafata ta dama tana taka keke
a shagon da ke kallon titin Gyallesu,
ban taɓa kula da igiyar da ke bayan dunduniyata ba
sai ranar da ta yi magana.

Zazzaɓi ne na kwana uku.
Iliyasu mai kemis ya taɓa goshina da bayan hannu,
ya ce taifot ne, ba sai an ɗebi jini ba.
Ya ƙirgo mini sifro goma a farar leda,
ɗaya da safe, ɗaya bayan isha'i.
Na biya, har da godiya.

Zazzaɓin ya kama gabansa.
Rana ta huɗu na sauko daga gado,
agarata ta ce: tsaya nan.
Kamar zaren da aka ja fiye da ƙarfinsa,
irin jan da nake hana Mudi tun yana sabon koyo.
Da dare kiyashi suka kafa gari a tafin ƙafata,
na haska tocila, ba ko ɗaya.
Zuciya na bugun ƙirji kamar mai bin bashi,
barci ya tsaya a zaure ya ƙi sallama.
Hajara ta ce ko shafar iska ce.
Ƙanena ya ce tsufa.
Ni da ban cika hamsin ba.

A Shika likita ta karɓi ledar, ta juya ta,
ta jima ba ta ce uffan ba.
“Saura nawa?”
“Biyu.”
“To, ka gama da shi.”
Ta ce maganin yana ceton rai in cutar tasa ce,
amma ba kowane jiki ke ɗaukarsa ba,
wani yakan ci masa jijiya
yadda gara ke cin azara, daga ciki.
Ta rubuta sunansa da na danginsa a kati,
ta ce in nuna wa duk mai shirin miƙo mini ƙwaya.

Aka haɗa ni da Rifkatu 'yar Wusasa, mai gashin ƙashi.
Ta cusa soso a takalmina, ƙarƙashin dunduniya.
Ba keke, ba tsallen kwata,
salla a kan kujera.
Babbar Salla ta ƙarato,
na mayar da yadi goma sha bakwai ga masu shi
tare da kuɗin kafin alƙalami.
Wannan ya fi agarar zafi.

Dafa bango.
Ɗaga dunduniya.
Ƙirga biyar, sauke ta a hankali.
“A hankali, Malam Tanimu, ba wanda ke bin ka.”
Yau in yi goma ina dariya,
gobe uku ma sai da ƙwalla.
Na ɗauka sauƙi miƙaƙƙen ɗinki ne,
ashe surfani ne, yana gaba yana komowa,
sai ka ja da baya kafin ka ga fure.

Hajara ta koma dafa wake da zogale,
ta kori shayin dare daga gidan.
Na fara takawa zuwa masallacin layinmu,
daga baya bakin kasuwar Tudun Wada,
wata Asabar har gadar Kubanni,
na tsaya ina kallon ruwa, ƙafar na zugi, amma tawa ce.

Na kai wa Iliyasu katin.
Ya karanta sau biyu, ya ce wallahi bai sani ba.
Na yarda.
Ko ya daina ƙirga wa mutane, wannan ban sani ba.

Wata na bakwai ke nan.
Kiyashin sukan leƙo wasu dararen, ba su kwana.
Jiya Mudi ya tafi cin abinci,
na zauna a mazaunina, na ɗora ƙafar,
ƙarfen ya yi sanyi kamar bai san ni ba.
Na taka.
Kalmasar rigar makaranta ce kawai, taƙi biyu,
ta ɗan karkace wajen ƙarshe.
Ban warware ba.