Keji na Bakwai

Ƙarfe uku na rana a Umeå, duhu ya riga ya sauka.
Majvor ta kaɗe ƙanƙara daga takalminta,
ta rataye kwat a ƙusa,
ta leƙa kejuna goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya.

Maganin yana cikin kwalba ƙarama, farin gari.
Ba ya son iska: ka bar shi buɗe, sai ya yi ja.
Don haka take jiƙa shi da ruwan gishiri mai sanyi,
ta zuƙe a sirinji da sauri,
ta kamo wutsiyar ɓera na keji bakwai,
wanda kunnensa na hagu yake da tsaga.

Da ɗan gari akan ci gari.
Gubar ba ta fasa ƙofa ba,
ta zo da kamannin ɗan gida,
jijiyar firgici ta ce lale marhabin,
ta jawo ta ciki da hannunta
kamar yadda take jawo nata kowace safiya.

A wannan daren gashinsa ya miƙe tsaye,
idanu suka firfito,
tsoron da aka tara don shekara guda
ya zube lokaci ɗaya.
Kwana biyu, fatar idonsa ta sauko rabi,
ya zama kamar tsoho mai gyangyaɗi bayan cin abinci.

Torvald ya kashe fitilar ɗaki, ya ce zo ki gani.
Ƙarƙashin madubi, tantanin idon ɓera mai lafiya
saƙar gizo ce koriya, tana walƙiya,
ƙulli bayan ƙulli, kamar fitilun gari daga jirgin sama.
Ya sauya gilashi.
Wannan kuwa baƙi ƙirin.
An ɗauke wuta a garin, ba ko aci-balbal.
Ya rubuta: ya yi aiki.
Ta rubuta kwanan wata.

Da yamma motar haya ta kai ta ƙetaren kogi.
Mahaifinta, da ya yi shekara arba'in yana saran itace,
yanzu in ya miƙe daga kujera jiri ke ɗibarsa,
jini ba ya jin kira ya hau kai.
Ta riƙe masa gwiwar hannu tana ƙirgawa har goma.
Bai san da ɓera mai tsagaggen kunne ba.
Ita ma ba ta ce don kai nake yi ba,
domin ba ta tabbata ba.

An bar na bakwai da rai, a ga abin da zai faru.
An sare rassa ne, kututturen yana nan.
Mako shida, rana ta fara leƙo kan rufin asibiti.
Cokali ya suɓuce mata, ya daki siminti.
Ɓeran ya zabura, ido warwaje,
zuciyarsa na dukan tafin hannunta.

Tsoro ya dawo gida.
Ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta ɗauki biro.