Layi Na Dubu Huɗu Da Tara

Ƙarfe biyun dare a Dilimi.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa
ya kama ni a yatsu.
Janareton asibiti na tari,
shayin da Kangyang ta haɗa mini ya huce tun ɗazu.

Kwamfutar ɗakin awon ciki ce ta tubure.
Babbar manhajarta ta tsufa,
da an jona mata sabuwar na'urar hoto
sai ta ɗauke numfashi, allo ya yi baƙi ƙirin.
Mata goma sha bakwai aka mayar gida jiya,
har da wadda ta taso daga Bassa a bayan a-kori-kura.

Na bi rubutun tushenta layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a cikin acca.
Ga ɓarakar nan, layi na dubu huɗu da tara:
lamba ɗaya ta yi kaɗan,
waƙafi ya zauna inda ba gurbinsa ba.
Facin minti biyar ne.
Mai facin taya na Farin Gada ma ya fi ni haɗa gumi.

Sai dai a saman fayil an gina katanga:
kana iya dubawa,
ba ka da ikon gyarawa, ko kwafa, ko rabawa.
Lasisi mai shafi talatin da ɗaya.
Wani ya danna "Na yarda" shekara tara da suka wuce,
ya yi ritaya, ya koma Shendam noman doya.

Kakana Jatau leburan kuza ne a Barikin Ladi.
Shi ya haƙa, shi ya wanke,
shi ya ɗauka a kwano har gashin kansa ya zube,
amma in an sami ƙwaya ɗaya a aljihunsa
takarda ce ke magana.
Kamfanin ya tafi, ya bar mana kududdufai.
Ban taɓa zaton zan gaji aikinsa a zaune ba.

Na aika wa masu manhajar facin kyauta.
Amsa ta dawo kafin in ɗaga hannu:
mun gode, a saurare mu cikin kwana casa'in.
Cikin wata bakwai ba ya jiran casa'in.

Na rufe fayil ɗinsu ban taɓa ko ɗigo ba.
Na ciro ɗaya manhajar daga jaka,
wadda sharaɗinta guda ne:
ɗauka, gyara, ka bar wa na bayanka ƙofa a buɗe.
Ba ta san na'urarmu ba tukuna.
Sai na koya mata, daga baƙin farko.

An kira assalatu.
Kangyang ta leƙo, hular sanyi har gira:
"Injiniya, yau za a yi awon?"
Na ce ba yau ba, wataƙila Laraba.
Ta ɗauki kofin ta je ɗumamawa.
Ina layi na sittin da biyu.