Kangon Lawali

Na taɓa sayar da fili, ni Mushe Harisu,
can bayan Ali Ɗan Sofo, inda rairayi ke haɗiye takalmi.
Jikka ɗari uku Rabe ya ƙirga mini bisa tabarma,
yana lasar yatsa, ni ko ina jin kaina alhaji.
Injin niƙa nake so, don Tsahara ta huta da turmi,
alli kuma ya daina zama shi kaɗai ne gatana.

Na sa kuɗin cikin gwangwanin madara,
na ce sai Litinin.

Kafin Litinin rediyo ta yi magana:
an raba sefa biyu, in ji ta, can wani gari mai nisa.
Na tashi da dare na zazzage gwangwani,
na ƙirga, na sake ƙirgawa, fitila na hayaƙi.
Ko dala ba ta ɓata ba.
Na ce wa Tsahara, kwanta, ƙarya suke,
ɓarawon da bai taɓa ƙofa ba me zai ɗauka?

Mai shago ne ya koya wa mai koyarwa lissafi.
Ya ce, Mushe, injin jiya yana nan, kuɗin jiya ne suka mutu.
Na dawo gida da buhun gero biyu da keke,
sauran suka bi cefane kamar ruwa a rariya.

Yau filin nan shaguna tara ne a jere,
da mai ɗinki, da mai magani, da mai cajin waya.
In na biyo ta nan Rabe kan miƙe ya gaishe ni,
har ya sa a kawo mini ruwan leda.
Ina sha. Ƙasata ce nake sha, da sanyinta.

Yanzu kuma ɗana Lawali na Kano yana walda,
wuta na cin idonsa, yana turo naira.
Ya ce, Baba, a gina mini ɗaki uku a Zariya.
Shekarar farko abin da ya aiko ya ɗauki tubali dubu.
Ta biyu, ya ninka aike, ɗan canji ya miƙo mini rabi,
yana kallon gefe kamar shi ya yi laifin.
Siminti ya hau, ƙarfe ya hau, kwano ya hau,
hatta jakin da ke kawo ruwa ya ƙara wa kansa daraja.
Gini ya kai kafaɗar taga ya tsaya
kamar mai tsallaka Gulbi da ya ji ruwa a wuya.

Tumfafiya ta fito tsakiyar falo, ta yi fure.
Awakin maƙwabta sun zaɓi ɗakin amarya.
Ban gaya wa yaron ba.
In ya kira nakan ce, ana nan ana yi,
shi ma ya ce, kasuwa lafiya lau.
Kowa na lulluɓe ɗan'uwansa da mayafi mai huji.

Jiya wani dillali ya same ni zaune a dokin ƙofar da babu ƙofa.
Takalminsa na sheƙi, ya ce miliyan shida, yau, hannu da hannu.
Ya ce, tsoho, kango ba ya haihuwa.
Na ce, gwangwani ma na ga irin haihuwarsa.

Na duƙa na damƙi rairayi na nuna masa:
wannan, wace rediyo za ta raba shi biyu?
Ya yi dariya, ya bar mini lambarsa a takarda.

Ban yar da ita ba, kada in yi muku ƙarya.
Tana aljihuna, kusa da takardar likitan Tsahara.
Damina saura wata biyu,
katangar gabas kuma ta fara tsagewa.